Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisa masu gyaran dokokin lafiya, daga masu jinya a gida

Assalamu alaikum warahmatullah.

Masu girma 'yan majalisa, musamman ku da ke zaune a kwamitin lafiya da na kasafin kuɗi, a ko wace ƙasa kuke, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Allah Ya yi muku jagora a kan nauyin da ke wuyanku.

Ni ba likita ba ce, ba nas ba ce, ban kuma taɓa aiki a kamfanin inshora ba. Mai jinya ce ni a gida, shekaru kenan ina kula da mahaifiyata tun da ɓarin jikinta ya shanye. Kuma ba da yawun kaina kaɗai nake magana ba, akwai wani zaure da muke haɗuwa a WhatsApp, mu masu jinya zalla, a ciki akwai uwar da ɗanta ya zama saurayi amma har yau ita ke masa wanka tana ba shi abinci a baki, akwai magidancin da matarsa ke wankin ƙoda, akwai wadda mahaifinta ya ruɗe ba ya ma gane ta, akwai ɗalibar da ta jingine karatu saboda kakarta. Su suka ce in rubuta. Abin da ya tunzura mu kuwa shi ne duk sanda aka ce za a yi wa dokar lafiya garambawul sai mu kasa kunne, mu bi labarin iya ƙarfinmu, sai mu ji an ambaci asibiti, an ambaci likita, an ambaci kamfanin inshora da na magani, an ambaci mara lafiya, amma wanda ke ɗaga shi ya kwantar da shi dare da rana ko dai babu shi sam, ko kuma a saka shi a wani layi guda can ƙarshe wanda ba kuɗi a bayansa. Alhali lissafin dokar kacokam a kanmu ya jingina, an riga an ɗauka akwai wata a gida da za ta yi aikin kyauta.

Kafin koke, gaskiya ɗaya ce, dokokin nan sun yi amfani kuma bamu raina ba. A Amurka dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010 ta ba iyaye damar barin ɗansu a kan inshorarsu har ya kai shekara 26, ta hana kamfani ƙin karɓar mutum don yana da tsohon ciwo, ta kuma soke ƙa'idar nan ta kamfanoni ta cewa akwai iyakar kuɗin da kamfani zai kashe a kanka duk tsawon rayuwarka, in ka cinye shi kai ka sani. Duk mai yaro ɗan sikila ko mai ciwon zuciya ya san girman wannan. Tailan ta yi nata tsarin na kowa da kowa a 2002, Ghana ta yi dokar inshorarta a 2003 don a rabu da biya kafin a duba ka. Duk wannan alheri ne. Matsalarmu ita ce kusan dukkansu a bakin ƙofar asibiti suke tsayawa, shi kuwa ciwo bin mutum yake har ɗakinsa.

Kokenmu na farko, wanda ya fi kowanne damunmu, shi ne sallama daga asibiti. Ranku ya daɗe, aikin asibiti ne kuka kwaso kuka kawo mana gida ba tare da an koya mana ba. Kuma ba haka nan abin ya faru ba, doka ce ta haifar da shi. Tun 1983 Medicare, wato inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, ta daina biyan asibiti gwargwadon abin da ya kashe a kwanakin da mutum ya yi, ta koma biyan kuɗi ƙayyadadde bisa irin ciwon, ƙasashe da yawa kuma suka kwaikwayi tsarin har da Jamus. To in kuɗin da asibiti zai karɓa ɗaya ne ko mutum ya kwana uku ko ya kwana goma, ai kowa ya san abin da zai biyo baya, kwana ukun za a ba shi. Sai kuma dokar 2010 ta ƙaro wani abu, daga watan Oktoba na 2012 aka fara cin tarar asibitin da marasa lafiyarsa ke yawan dawowa cikin kwana 30 da sallama. Wato a sallame shi da wuri, kuma kada ya dawo. Waye zai tsaya a kan kada ya dawo ɗin? Mu ne.

Kada ku fahimce ni baibai, ba cewa nake a riƙe mutum a gadon asibiti ba dalili ba, akwai cututtukan da a can ake kwasarsu, kuma tsoho ya fi samun natsuwa a ɗakinsa. Yadda ake miƙo mana shi ne abin kukan. Ranar da aka sallami mahaifiyata akwai roba a hancinta wadda ta nan ake ba ta abinci, akwai robar fitsari, ga leda cike da magani. Nas ɗin da ke kan aiki, wallahi ban ga laifinta ba don ita kaɗai ce a kan gadaje da yawa, a tsaye ta nuna min yadda ake zuƙo abincin da sirinji a tura a hankali, sau ɗaya, ana ta kiranta daga wani gadon, ta ce in na ga wata matsala in dawo da ita. Shikenan. A daren farko ina cikin tura mata abinci ta fara tari, idonta ya yi ja, na tsaya da sirinji a hannu ban san ko robar ce ta goce ta nufi huhu ko tari ne kawai ba, kuma babu wata lamba da aka ba ni da zan kira in tambaya. Ba wanda ya ce mana wanda ba ya iya motsi sai an riƙa juya shi duk bayan awa biyu. Wani ɗan ja ne ya fara fitowa a ƙugunta, kamar ba komai ba, kafin mu ankara ya buɗe ya zama gyambo, muka yi watanni ana wanke shi ana sa bandeji, ƙarshe sai da aka sake kwantar da ita. Ku lissafa da kanku, kuɗin wannan kwanciyar ta biyu da kuɗin biyan nas ta zauna da ni awa guda ta koya min, wanne ya fi?

Kuma maganin abin ba wani mai wahala ba ne, an riga an yi shi. Jihar Oklahoma ta fara wata doka a 2014 wadda daga baya mafi yawan jihohin Amurka suka ɗauka, abu uku kawai ta ce: asibiti ya rubuta sunan mai jinya a fayil ɗin mara lafiya, ya sanar da shi kafin sallama, ya kuma koya masa aikin da zai je ya yi a gida. A Jamus asusun inshorar jinya ne ke ɗaukar nauyin koya wa 'yan uwa aikin, kyauta. Ku duba Tailan ma, da ta saka wankin ƙoda a cikin tsarinta a 2008 sai ta fifita irin wanda ake yi a gida, a zuba wani ruwa a cikin mara lafiya a fitar, saboda ya fi sauƙin kuɗi, an ceci rayuka da yawa ba musu, amma ruwan nan kusan sau huɗu ake canza shi a rana, da hannu mai tsafta sosai don kada ciki ya kamu da cuta, kuma in mara lafiyar tsoho ne ko idonsa ya yi rauni hannun wa ke yi? Sauƙin da gwamnati ta gani a takarda, lokacin wata 'ya ne ko wata mata ya biya shi.

Na biyu, doguwar jinya. Inshora kusan ko'ina an gina ta ne don ciwon da ake warkewa, a yi maka aiki, a ba ka magani, ka tashi. Amma abin da ke durƙusar da gida shi ne ciwon da ba ya tafiya, shanyewar jiki, ruɗewar tsufa, yaron da aka haifa da lalura. Abin da irin waɗannan ke buƙata kullum wanka ne, juyi ne, famfas, keken guragu, katifa ta musamman, mai gashin ƙashi ya riƙa zuwa, da kuma wani ya kwana da ido biyu. Waɗannan su ne daidai abubuwan da doka ke cewa ba magani ba ne, don haka ba ruwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa a duniya, kuma kusan rabin abin da cutar ke ci a lissafin kuɗi aikin 'yan uwa ne da ba a biya. A Amurka Medicare na iya biyan gidan jinya har kwana 100 bayan an sallami mutum, da sharuɗɗa, daga nan ta tsame hannunta. Sai iyali su yi ta kashe abin da suka tara, har dukiyar tsohon ta sauko kusan dala 2,000 a mafi yawan jihohi, sannan Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi ta karɓe shi. Wato sai ka talauce tukuna za a taimake ka. Masu neman a taimaka musu a gida maimakon a kai su gidan jinya kuwa, a 2024 kimanin mutum 700,000 ne ke layi suna jira, wasu shekaru.

Abin da ya fi ƙona rai, ba wai ba ku san da matsalar ba ne. Kun sani, har kuna rubuta ta a doka, amma da zarar an zo maganar kuɗi ita ce ta farko da ake cirewa. A cikin dokar Amurka ta 2010 akwai wani sashe da ake kira CLASS, inshorar doguwar jinya ce wadda mutum zai riƙa zubi, in ya kasa daga baya a riƙa ba shi abin da zai biya mai taimakonsa. A watan Oktoba na 2011 gwamnati ta ce lissafin ba zai yiwu ba, a watan Janairu na 2013 majalisa ta soke shi, ba a taɓa biyan kowa ko sisi ba, ta leƙo ta koma. Dalilin faɗuwarsa ma a fili yake, an bar shi na ganin dama, waɗanda suka san za su buƙata ne kaɗai za su shiga, asusu kuwa ba ya rayuwa a haka. A Ingila an yi alkawarin cewa ba wanda zai kashe fiye da fam 86,000 a kan kulawa duk rayuwarsa, aka sa 2023, aka ɗaga zuwa 2025, a watan Yuli na 2024 aka soke gaba ɗaya.

Ga shi kuma akwai waɗanda suka yi ya tsaya. Jamus ta kafa inshorar jinya ta dole tun 1995, ana cirewa daga albashi, a auna mutum a ga matakin buƙatarsa, sannan iyali su zaɓa, ko a turo ma'aikata gida, ko a ba da kuɗi a hannu, ko a haɗa biyun. Japan ta fara nata a watan Afrilu na 2000, duk wanda ya kai shekara 40 yana zubi, kuma kowane tsoho da ya cancanta ana haɗa shi da jami'in da zai tsara masa kulawar. Su Japan da gangan suka ƙi ba 'yan uwa kuɗi a hannu, don ƙungiyoyin mata sun ce in aka yi haka an ɗaure surukai da 'ya'ya mata a gida kenan har abada da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mun yi wannan muhawarar a zaurenmu har aka ɗan ɗaga murya. Ni dai ra'ayina matan Japan sun hango gaskiya, amma wadda ta riga ta bar aiki tana gida ba za ka ce mata ta ci gaba da yi a banza don kare ta ba. A ba da zaɓi. Ba kuma cewa nake tsarin Jamus ko na Japan ba shi da aibu ba, suna kukan ƙarancin ma'aikata da tsadar abin, kuma na san ba kowace ƙasa ke da aljihunsu ba. Amma ko ƙasa matalauciya na iya farawa da ƙaramin abu, ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙo gidan da ke da mara lafiya a kwance, a saka robar fitsari da bandeji da keke a jerin abin da inshora ke biya.

Na uku, neman abinci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa a kullum ana yin awa biliyan 16.4 na aikin kula da gida da yara da marasa lafiya ba tare da biya ba, kuma kashi 76 cikin 100 na awannin nan mata ke yinsu. A wani lissafin nata na baya-bayan nan ta ce mata miliyan 708 ne ba sa cikin ma'aikata saboda wannan nauyin. Ni ma ina cikinsu, ina da aikina kafin ciwon nan, na yi ta haɗa biyun, yau makara gobe neman izini, har abin ya gagara na ajiye. Ranar da mai jinya ta ajiye aiki abu uku take rasawa lokaci guda, albashi, da fansho na gaba, a wasu ƙasashen ma har da inshorar lafiyarta ita kanta don a wurin aiki take. Gidan da kuɗin da yake kashewa ya ninka, shi ne kuma kuɗin da ke shigo masa ya ragu.

Me doka ta tanada? A Amurka dokar 1993 ta ba da hutun mako 12, ba albashi, kuma sai in wurin aikinka na da ma'aikata 50 ko fiye, ka kuma shekara kana musu aiki. Mai ƙaramin albashi ina zai iya wata uku ba ko kwabo? Birtaniya ta fara nata a watan Afrilu na 2024, mako ɗaya a shekara, shi ma ba albashi. Japan ta fi su, kwana 93 ana biyan kashi 67 cikin 100 na albashi, amma duk da haka kimanin mutum 100,000 ke barin aiki a can kowace shekara saboda jinya, abin da ke nuna muku hutu kaɗai ba ya isa in babu wanda zai karɓe ka. Sai kuma tarkon alawus. A Ingila ana ba mai jinya alawus in yana yin aƙalla awa 35 a mako, a 2024 fam 81.90 ne, amma da sharaɗin kada ya samu fiye da fam 151 a mako daga wani aikin. In ya wuce ko da fam ɗaya ne, alawus ɗin makon duka ya tafi, kuma sau da yawa sai bayan shekaru hukuma ke waiwayowa ta ce a dawo mata da kuɗinta, mutum sama da 100,000 suka wayi gari da bashi a kansu don kawai sun ƙara 'yan awanni a wurin aiki. An ɗaga iyakar zuwa fam 196 a 2025 amma tarkon na nan. Haba ranku ya daɗe, wanda ya yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsa ai ƙarfafa masa gwiwa ya kamata a yi. Kuma wannan na waɗanda ke da takardar ɗaukar aiki ne ma. Mai sana'ar hannu, mai saye da sayarwa, ranar da bai fita ba babu, waɗannan ba su ma shigo lissafin hutun kowa ba.

Abu guda da Jamus ta yi wanda nake roƙon ko wace majalisa ta kwafa shi ne fansho. In kana jinyar wani a gida aƙalla awa 10 a mako, a cikin kwana biyu ko fiye, kuma ba ka aikin da ya wuce awa 30 a mako, asusun jinya ne zai riƙa zuba maka kuɗin fansho. Sun yarda aiki ne. In ba a yi haka ba, mu da muke jinyar tsofaffi yau mu ne tsofaffin da ba su da komai gobe.

Na huɗu, takardu. Wannan kam sai wanda ya sha zai gane. Duk sanda kuka ƙara sharaɗi guda a doka don toshe ƙofar maguɗi, fom ne ya ƙaru, layi ne ya ƙaru, kuma mara lafiyar da ke kwance ba shi zai cika ba. Ina riƙe da waya a kunne ana sa min kiɗa wai in jira, mahaifiyata na kirana daga ɗaki, in na tafi layin ya yanke sai in sake daga farko, in na tsaya ita kuma ta ɓata jikinta. Wani lokacin takardar likita ake so sabuwa don a tabbatar har yanzu ba ta iya tafiya, mace da ta shekara da shekaru a kwance, sai an nemo mota an ɗauke ta an kai. A Amurka da aka dawo da sabunta rajistar Medicaid daga watan Afrilu na 2023 bayan annobar korona, an cire mutum sama da miliyan 25, kuma kusan kashi 70 cikin 100 ba don an gano ba su cancanta ba ne, takarda ce ba ta iso ba ko ba a mayar a kan lokaci ba. Jihar Arkansas ta gwada sharaɗin sai kana aiki a 2018, cikin 'yan watanni kimanin mutum 18,000 suka rasa inshora, binciken da aka yi bayan nan kuma bai ga masu aiki sun ƙaru ba, kotu ta dakatar da abin a 2019. Duk da haka dokar da aka sa wa hannu ran 4 ga Yuli 2025 ta dawo da sharaɗin awa 80 a wata ga manya da yawa da ke Medicaid, da sabunta rajista duk wata shida. An ce an keɓe masu kula da naƙasasshe da masu ƙananan yara, madalla, amma keɓewar ma ai sai an tabbatar, kuma wadda ba ta da lokacin wanka ita ce mafi sauƙin faɗowa a wajen tabbatarwar.

Akwai wasu da zan taɓa a gurguje. Doka kan auna mutum shi kaɗai ta manta gida ne. A dokar Amurka ta 2010 an riƙa auna tsadar inshorar wurin aiki da kuɗin ma'aikaci shi kaɗai, ba da na matarsa da 'ya'yansa ba, hakan ya hana miliyoyi tallafin gwamnati na sayen inshora, sai 2023 gyaran ya fara aiki. Akwai yara masu jinya, ƙidayar Ingila ta 2021 ta samu kimanin 120,000 'yan shekara 5 zuwa 17, in ƙasar da ke ƙirgawa ta samu haka to ina ga inda ba a ƙirgawa, yarinyar da ke gyangyaɗi a aji ba wanda ya tambaye ta wa ta kwana tana juyawa. Akwai lafiyarmu mu kanmu, ciwon baya, rashin barci, hawan jini, damuwar da mutum ke jin kunyar faɗa don kada a ce ya gaji da uwarsa. Sai kuma doka ba kuɗi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya, ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Najeriya ta yi dokar lafiya a 2014 da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Ingila ta ba mai jinya haƙƙin a zo a auna buƙatarsa a dokar 2014, amma aunawa daban, samun wanda zai zo ya karɓe ka daban. A duk shekarun da ke tsakanin sa hannu da sakin kuɗi, mu ke cike giɓin.

To ga abin da muke roƙo, kuma dan Allah kada a ce za a duba.

Ku rubuta mai jinya a cikin doka da sunansa. Kada asibiti ya sallami wanda ba ya iya kula da kansa sai an rubuta waye zai karɓe shi, an tambayi mutumin ko zai iya, tambaya ta gaskiya wadda yana da damar cewa a'a, an koya masa aikin ya gwada da hannunsa a gaban nas, an kuma ba shi lambar da in ya kira ƙarfe biyun dare mutum zai ɗauka. Ku saka kuɗin wannan koyarwar a cikin abin da ake biyan asibiti, in ba haka ba nauyin zai sake faɗawa kan nas ɗin da dama aiki ya yi mata yawa.

Ku saka doguwar jinya a cikin tsarin, ta dole, kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa tun yana da lafiya, kuma ku faɗi inda kuɗin zai fito a cikin dokar ita kanta da ranar da za a fara, yadda ba za a iya zare ta cikin dare ba. In aljihun ƙasa ba zai ɗauki duka ba ku fara da kayan jinya da ziyarar gida da gashin ƙashi, ku faɗa mana gaskiya cewa nan za a fara.

Ku ba mu hutu iri biyu. Hutun wurin aiki mai albashi wanda asusu zai biya ba mai ɗaukar aiki shi kaɗai ba, don kada a daina ɗaukar mata, kuma a samo hanyar da masu sana'ar kansu za su shiga. Da kuma hutun jinyar kanta, 'yan kwanaki a shekara da za a turo wani amintacce ya zauna da mara lafiya, mai jinya ta je ta ga likita ita ma, ko ta yi barci. Shekarun jinya su shiga lissafin fansho. Alawus kuma in za a rage shi saboda mutum ya samu aiki, a rage a hankali, ba a datse gaba ɗaya a kan fam ɗaya ba.

Ku rage takardu. Wanda likita ya tabbatar ciwonsa ba na warkewa ba ne a daina neman shaida duk wata shida. Bayanin da wani ofis ɗin gwamnati ke da shi kada wani ofis ɗin ya sake turo mu nemowa. Kada a cire kowa daga inshora saboda takarda sai an neme shi ta waya an same shi an ba shi lokaci. Kuma kafin ko wane ƙudiri na lafiya ya tsallake karatu na ƙarshe, a fitar da lissafi a fili, awa nawa na aiki zai ƙara wa iyali a gida da kuma nawa zai fito daga aljihunsu, kamar yadda kuke fitar da lissafin abin da zai ci wa baitulmali.

Sai kuma ku saurare mu tun ana rubutu, ba bayan an gama ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kamfanonin inshora da na magani suna da mutanen da aikinsu kenan zaman majalisa, mu kuwa ko an gayyace mu zaman jin ra'ayin jama'a ba za mu iya barin wanda ke kwance mu zo mu wuni a zaure ba. Ku buɗe hanyar da za mu yi magana ta waya ko ta bidiyo daga gida, ku karɓi saƙon murya daga wadda ba ta iya rubutu ba, ku ware kujera ta dindindin ga masu jinya a kwamitin da ke sa ido a kan aiwatar da dokar, in kuma dole sai an zo da ƙafa to a biya wanda zai riƙe mana mara lafiya a ranar. Muna kuma roƙon shugabannin kwamitocin lafiya su ba da amsa a rubuce, a fili, wanne daga cikin waɗannan za su saka a ƙudirin da ke gabansu, wanne ba za su saka ba, da dalili.

Wassalam.

Taku,
wata mai jinya a gida, a madadin 'yan uwanta masu jinya.